Kada tsoro ya sa mu rufe wa mai tafiyar ƙasa ƙofa

Akwai wata magana da ta fara yawa a bakin mutanenmu tun da yaƙin nan na Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ana faɗinta a majalisa, ana rubuta ta a gurup-gurup na WhatsApp, wai yanzu ba zamanin saukar da baƙo ba ne, wai duk wanda ka ga ya shigo hilla, wato ƙauye, a ƙafa da ƙura a jikinsa ba ka san ubansa ba to ka nuna masa hanya ya ƙara gaba. Ni dai ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a bakin Hausawa nake jin ta, mu da tafiyar ƙasa da kwana a gidajen mutane suka kawo kakanninmu ƙasar nan.

Duk Bahaushen Sudan, na Mai Wurno ne ko na Gadarif ko Kasala ko Damazin ko Kosti, in ka bi salsalarsa za ka iske wani tsoho ko wata tsohuwa da suka tako daga Kano ko Haɗeja ko Sakkwato ko Damagaram da niyyar Makka. Hanyar ma sananniya ce, a bi ta Borno a shiga Chadi, a wuce Abeshe a zo Adre, daga nan a shigo Junaina, sai Fashir, sai Nuhud, sai Ubayyid, a ƙetare kogi a Kosti, masu ƙarfin hali su miƙa gabas har Sawakin ko Bur Sudan inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Kuma tafiya ce ta shekaru, domin in guzuri ya ƙare tsayawa ake a yi ƙwadago a gonar wani, a yi damina ɗaya ko biyu, sannan a ɗaura kaya a ci gaba, har a haifi yaro a hanya ya yi wayo bai ga teku ba. Alhazai sun daɗe suna bin hanyar tun kafin Turawa, amma babban tashin shi ne na 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira da jama'arsa bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har bakin kogin Nilul Azrak kudu da Sinnar, inda suka kafa garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, wasu dubbai suka sake tsayawa nan suka zama 'yan ƙasa.

To ina tambaya, wa ya ciyar da su a hanya? Ba wanda yake ɗaukar abincin shekara uku a kansa. A ƙasar Hamar wajen Nuhud inda ba kogi ba rijiya mai kusa, mutanen wurin cikin kogon bishiyar kuka suke tara ruwan damina su yi ta lallaɓa shi har rani ya fita, kowace kuka da mai ita, kuma a irin wannan ƙasar mutanenmu suka ratsa suka fita da rai. Wani ya saya, wani ya yi aiki aka biya shi da ruwa da kankana, da yawa kuma sadaka aka ba su. Kakata Allah ya jiƙanta ba ta iya Larabci ba lokacin da suka shigo, ta ce da hannu ake magana, mace ta fito daga bukka ta kalli ƙafafunsu ta koma ta fito da ƙwarya. Har ta rasu in ta idar da salla tana yi wa mutanen da ba ta san sunansu ba addu'a, sai dai ta ce matar nan ta kaza, mai rijiyar nan ta wuri kaza.

Wanda ya tashi a Khartum ko a Jidda zai ɗauka tafiyar ƙasa ta wuce da zuwan lori da bas. Ba ta wuce ba. A yankinmu na Sinnar da Dindir da kudancin Gadarif ƙasar baƙar laka ce, da zarar damina ta kankama daga Yuli zuwa Satumba mota ba ta shiga ƙauyuka da yawa, tarakta ma wani lokaci sai ta kafe, saboda haka mai zuwa gaisuwar mutuwa da mai kai maganar aure da almajiri da mai neman ɓataccen raƙumi ko saniya duk a ƙafa suke tafiya, takalmi a hannu domin laka tana cire shi. In kaka ta yi kuma ga 'yan ƙwadagon yankan riɗi da dawa suna bin gonaki daga wannan mashru'i, wato babbar gona, zuwa wancan da 'yar jaka a kafaɗa. Ni ma na yi irin wannan tafiyar tun ina saurayi, kuma duk wanda ya yi ta ya san yadda ake lissafinta, ka fita da asuba kana idar da salla, ka yi ta sauri kafin rana ta take, in hantsi ya dubi ludayi ka fara neman inuwar aduwa ko ta bagaruwa, da la'asar ka sake tashi, kuma duk lissafin yana kan abu ɗaya ne, cewa kafin magariba akwai hillar da za ka shiga a karɓe ka. In babu wannan tabbacin ba mai fita.

Kuma karɓar tana da tsarinta, ba wai kirkin mutum ɗaya ba ne da in ya ga dama ya yi. Kafin ka shiga gari ma za ka tarar da randunan sabil, wato ruwan sha na sadaka, a ƙarƙashin rumfa ko bishiya, da moɗa a rataye, wani gida ne ya ɗauki nauyin cika su kullum. Ka shiga ka nufi masallaci ko khalwa, wato makarantar allo da ake sauke baƙi, ka yi sallama, dattijon da ke zaune ya ce sannu da hanya ɗana, zauna ka huta tukuna, ya ƙwala wa yaro kira a kawo ruwa, a jawo maka angarib, wato gadon igiya, a inuwa. Da magariba kowane gida ya fito da siniyarsa, wato farantin abincinsa, waje, abin da Larabawan ƙauye suke kira dara, mai kisra da mulahi ya kawo, mai asida ya kawo, a hillar Hausawa ga tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya, maza su zauna a tabarma ɗaya, baƙo ya sa hannu ba tare da ya san na gidan wa yake ci ba, talaka bai ji kunyar ɗan abin da ya kawo ba domin ya shige cikin na jama'a. Sai an ci an sha shayi sannan wani zai ce to Malam daga ina, ina aka nufa. In mace ce tun daga ƙofa ake cewa Inna shigo daga ciki, mata su karɓe ta, a ɗora mata ruwan zafi ta gasa ƙafa. Da safe kuma ba a barin ka ka fita haka nan, sai an haɗa ka da yaro ya raka ka ya nuna maka inda khor, wato rafi, ya cika da inda ake ƙetarewa, a ce in ka isa hilla ta gaba ka nemi gidan wane ka ce daga wajenmu kake.

Wannan ba na Hausawa kaɗai ba ne, kuma shi ya sa nake ganin girman Sudan duk da abin da muke ciki. Manyan masidai, wato tsangayu, irin su Um Dawan Ban da Hamashkoreb da Zariba ta Shehu Bur'i an san su da karatun Alƙur'ani, an kuma san su da tukunyar da ba ta sauka. Ƙauyukan Jazira da ke kan titin Khartum zuwa Madani in azumi ya zo samari ne suke fitowa dab da magariba su tare hanya su tsayar da bas su sauke fasinja kaf a sha ruwa tare, ga hilumur ga balila ga asida, direba yana roƙo suna rantsuwa. Addini ma ai bai bar abin a son rai ba, ɗan hanya yana cikin mutum takwas da Allah ya ambata a rabon zakka, kuma Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, ya ce liyafa kwana uku ce.

Sai yaƙi ya zo ya mayar da rabin ƙasa matafiyan ƙasa. Da Da'amus Sari', wato RSF, dakarun da suka shiga yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga Madani a Disambar 2023, da kuma lokacin da suka shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024 damina ta riga ta sauka, mutanen da ba su taɓa yin tafiyar awa ɗaya a ƙafa ba, malaman jami'a da ma'aikatan banki da tsofaffi masu ciwon suga, su ne suka bi gefen kanal da gonaki suna kwana ƙauye-ƙauye, domin mota an ƙwace, wadda ta rage kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mutum. A yamma abin ya fi muni. A Yunin 2023 mutanen Junaina suka taka kusan kilomita 30 zuwa Adre ana harbinsu a hanya, kuma wallahi duk lokacin da na tuna cewa ta wannan ƙofar kakanninmu suka shigo ana ba su ruwa, sai jikina ya yi sanyi. Mutanen sansanin Zamzam a Afrilun 2025, da na Fashir a ƙarshen Oktoban 2025, kusan kilomita 60 suka yi zuwa Tawila, da yara a goye da marasa lafiya. Sama da mutum miliyan 10 yaƙin nan ya raba da gidajensu. Ƙungiyoyin agaji sun yi nasu inda suka iya shiga, amma kowa ya san daren farko da na biyu a hanya ba wata ƙungiya, ƙauyen da ka faɗa ne, makarantar firamare da suka buɗe maka, da matan da suka kwana a bakin murhu. Takayu, wato wuraren girkin sadaka, da suka riƙe unguwannin Khartum da Umdurman da wake da adas lokacin da komai ya tsaya, daga wannan tarbiyyar suka fito.

Na san abin da masu cewa a rufe ƙofa suke nufi, kuma ba zan ce mahaukata ba ne. Suna cewa an sha ganin mutum ya zo da siffar baƙo ya kwana ya ƙirga motoci da tarakta da buhunan hatsi, bayan kwana biyu sai ga masu babura sun zo sun kwashe. Wannan tsoron gaskiya ne, ƙauyukan Jazira da Sinnar sun ga wawashe da kisan da ba a taɓa gani ba, wanda aka kashe wa ɗa a ƙofar gida ba ni da bakin da zan ce masa ya cika zargi. Amma mu duba da kyau, waɗanda suka wawashe ƙauyuka da bindiga da motoci suka zo, ba su nemi izinin kowa ba, kuma rufe wa tsohuwa mai jan jikoki ƙofa bai taɓa hana su shiga ba. Sannan tsarin da muka gada shi kansa tsaro ne in aka bi shi yadda yake. Baƙo namiji ba a cikin gida yake kwana ba, a khalwa yake kwana ko a zauren masallaci a idon kowa, shehun hilla ya san da shi, an ji inda ya fito da inda ya nufa, da safe an raka shi an ga hanyar da ya bi. Wanda aka kora daga bakin gari kuwa ba wanda ya san inda ya kwana, ko a gona ko a bayan makaranta. To wanne ya fi hatsari?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda zargin yake zaɓen fuska. Ba kowane baƙo ake tsoro ba, ana duban launin fata da karin harshe da garin da aka rubuta a katin mutum. Har suna aka yi wa abin a gari, ana cewa dokar baƙin fuskoki, a tare mutum a shinge don kawai ya yi kama da mutanen yamma, kuma mazauna kanabi, wato matsugunan 'yan ƙwadagon gona na Jazira, waɗanda iyayensu suka zo aikin auduga tun zamanin Turawa, sun sha wannan kuɗin goron da jininsu bayan sojoji sun koma Madani a Janairun 2025. Haba jama'a, mu ne fa aka yi shekara da shekaru ana ce mana Takari, ana ce mana ba 'yan ƙasa ba, ana wahalar da iyayenmu a kan takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, alhali a nan aka haifi kakansu. Mun san zafin a dubi fuskarka a yanke maka hukunci. In yau mun koyi yi wa wani haka a ƙofar masallacinmu, da wane baki za mu yi kuka gobe in aka yi mana?

Akwai kuma ciwon 2022 wanda na san shi ne a ƙasan zuciyar mutane da yawa ko ba su faɗa ba. Rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nilul Azrak, a Rusairis da kewayen Damazin a watan Yuli, da Wad al-Mahi a Oktoba, an kashe mutanenmu an ƙona gidaje, maƙwabcin da kuka yi shekaru kuna cin siniya ɗaya ya juya maka baya, dubbai suka bar jihar suka nufi Sinnar da Nilul Abyad da Jazira. Ba zan ce a manta ba, ni ma ban manta ba, akwai danginmu a ciki. Amma ku tambayi waɗanda suka fito a lokacin wa ya sauke su. Ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai ƙauyukan Larabawa da na wasu ƙabilu da suka buɗe makarantu suka kawo abinci, wannan ma gaskiya ce kuma bai kamata mu riƙe rabin labarin mu jefar da rabi ba.

Maganar talauci ita ce na fi jin nauyinta. Mai gida ya ce ni da nake ci sau ɗaya a rana me zan ba baƙo, kuma bai yi ƙarya ba, buhun dawa ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba, jinai, kuɗin Sudan, ya zama takarda, gonaki da yawa ba a noma su ba. Kuma mu maza mu faɗa wa kanmu gaskiya, in aka ce gidan wane akwai karamci, sunan namiji ake kira amma wahalar ta mata ce, ita ce za ta tashi tsakar dare ta hura wuta ta yi kisra, 'yarta ce za ta je kanal ko donki, wato tashar famfon ruwa, ta ɗebo ruwan da baƙo zai yi wanka. Shi ya sa nake cewa kada a bar nauyin a kan gida ɗaya. Inda aka bar dara ta mutu kowa ya shige gidansa da kwanonsa, nan ne baƙo yake zama bala'i ga wanda ya faɗa wa. Inda ake fitowa da abinci waje kuwa, loma ɗaya daga kowace siniya ta ishi mutum biyu ko uku ba tare da wani yaro ya kwana da yunwa ba. Kwalara ma da ake tsoro tun da ta sake ɓarkewa a 2024, maganinta a wanke randa a rufe ta a sa sinadarin kulorin a ajiye sabulu, ba a kife randar ba.

Shi ma baƙo akwai nasa. Wanda aka sauke ya san kwana uku ne haƙƙinsa, abin da ya wuce haka alfarma ce, in zama ya kama shi ya shiga gayya ya kama fartanya. Kada ya fita yana ba da labarin abin da ya gani a rumbun mutane. Sannan wannan ɗabi'ar ta ɗaga waya a ɗauki hoton matan gida da yara suna rabon abinci a watsa a Facebook da sunan godiya, don Allah a daina, a wannan zamanin hoto ɗaya yana iya jawo wa ƙauye masifa, kuma ko babu masifa ba kowa ne yake son a nuna tsakar gidansa ba.

'Yan'uwanmu da ke Jidda da Makka da Madina da Riyad, ku ne kuka riƙe gidaje da yawa da abin da kuke turowa ta manhajar banki ta Bankak, Allah ya saka muku. Roƙona shi ne in za ku turo, ku ware wani abu ko kaɗan ne da sunan khalwar hillarku, ku damƙa wa liman da mutum biyu da jama'a suka yarda da su, a sayi buhun dawa da man girki da sukari da ganyen shayi a ajiye don masu wucewa kawai. A ƙauyuka da yawa ɗakin baƙin ya zube ko an kwashe angarib da tabarmin lokacin wawashe, kuma yanzu da mutane suka fara komawa gidajensu a Sinnar da Jazira, hanyoyin ƙauye sun sake cika da masu tafiya, wasu sun dawo duba gona, wasu suna neman 'yan'uwan da suka ɓace musu tun ranar gudu. Samarin da ke gida kuma aikinsu bai fi a yi gayya a yaɓe ɗakin a gyara rufin kafin ruwa ya sauka ba, a samo randa biyu a kafa a bakin hanya, a raba wa gidaje ranakun cika su, a kuma karɓi lambar wayar shehun hilla ta gaba da ta baya domin duk wanda aka raka a kira a ce ga mutum nan tafe, in ya iso ku sanar da mu.